Akori-kurar Mama Opal Ta Yi Sabbin Ƙafafu

Shekara goma sha tara shingen katako ɗaya ne tsakanina da Delbert Tackett, kuma a tsawon shekarun nan ban taɓa jin kalmar "ban sani ba" ta fito daga bakinsa ba. Ka ce haƙori na maka ciwo, likita ne. Ka ce rijiyarka ta ƙafe, ya san inda ruwan ya koma. Alhali aikinsa na gaskiya ɗaukar buhunan abincin kaji ne a kantin manoma na garinmu Harlan Creek, nan Oklahoma, shi ma ɗin sau biyu ana canja masa wuri saboda surutu. Ni sunana Hoyt. Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa motar 'yan makaranta kafin in yi ritaya, don haka na san mota, na kuma san ƙarya in na ji ta.

Abu ɗaya Delbert yake so a duniya bayan matarsa Lurleen, wasu ma sun ce gaba da ita, wato jar akori-kurar surukinsa marigayi Clyde, ƙirar 1956. Motar ba tasa ba ce, ta surukarsa ce Mama Opal. A garejinsa dai take kwana tun rasuwar Clyde, don nasa ne ya fi kusa. Duk Asabar zai wanke ta, ya goge, ya ja baya yana kallonta yana murmushi shi kaɗai. Kuma duk shekara ranar Bikin Kankana shi ke tuƙa ta a fareti, bayan 'yan badujala, Mama Opal a gaba da hularta mai furanni, baya shaƙe da kankana. Sau hamsin da ɗaya tsohuwar nan tana shiga faretin a wannan kujera.

Rigimar ta tashi ne wata Lahadi bayan coci, muna cin soyayyar kaza da burodin masara a gidan Mama Opal. Ƙanin Lurleen, Royce, yana wurin. Shi makaniki ne na gaske, da garejinsa a garin gaba, kuma tun da aka binne ubansa yake son ya ɗauke motar.

Mama Opal ta ajiye cokali ta ce, "Bana ban san ko zan shiga motar nan ba. Bara kwana uku na yi a kwance bayan fareti. Duk ramin da ke titin nan sai da ya gaisa da ƙashin bayana."

Royce ya ce, "Ai dole, Mama. Ƙarfe ɗaya ne miƙaƙƙe ya haɗa tayoyin gaba. Wannan ta faɗa rami, waccan ta amsa, ke kuma ki ji har haƙori. Ki ba ni ita bayan biki, in sa mata ƙafafu irin na zamani, kowace taya da nata sifirin, kowace tana cin gashin kanta. Aikin wata uku ne."

Delbert ya fashe da dariya har shayi ya sarƙe shi.

"Wata uku! Yaro, mota za ka gyara ko haifarta za ka yi? Ni sati uku ya ishe ni, har da hutun Lahadi."

Royce ya ce, "Yaya Delbert, kai da ka sa wa Lurleen fanka ta riƙa hura iska sama?"

"Fankar ce ta zo a juye daga kanti."

Lurleen ta ce, "Don Allah ka ci kazarka, ka rufa mana asiri."

Mama Opal ba ta son hayaniya a kan abinci. Ta buga cokali a faranti.

"Saura sati shida biki. Kai mijin Lurleen, tunda ka iya, yi. In na sauko daga fareti bayana lafiya, mota lafiya, ranar Litinin in sa sunanka a takardunta, ta zama taka. In aka samu akasi, Royce ya ɗauke ta, kuma kar in sake jin maganar. Hoyt, kai ne shaida."

Na ce na ji. Da na san abin da zan shaida, da na ce kunnena ya toshe.

Ranar Talata sai ga Delbert ya jawo gaban wata tsohuwar motar 'yan sanda daga filin matattun motoci, ƙafafu da sifirin da sandar sitiyari duk a haɗe. Ya sauke a bakin gareji yana haki, ya kira ni ta kan shinge in zo in ga abin tarihi. Na iske shi har ya shiga ƙarƙashin mota da sifana.

Na ce, "Dakata, mutumina. Duk wanda ya taɓa wannan aiki, abin da zai fara gaya maka ke nan: kafin ka kwance tsohon ƙarfen, ka sa alli ka shaida daidai inda tsakiyar taya take a jikin shasi. In ka cire ba shaida, da me za ka gane wurin?"

Ya leƙo, baƙin mai har goshi.

"Alli na 'yan makaranta ne, Hoyt. Kai ka saba da su. Ni idona tef ne."

"Idon naka da ke sa tabarau biyu?"

"Ɗaya na karatu ne. Miƙo min guduma."

Kwana takwas yana walda. Unguwa ba mai barcin rana. Da ya ɗaura tayoyi ya sauke mota daga jak, sai ga su sun koma baya da kusan taƙi guda, suna gugar madigadi, gaban motar ya yi tsini ba komai a ƙarƙashinsa. Ta tsaya kamar akuyar da ta turje ana janta kasuwa.

Lurleen ta fito da kwandon wanki, ta tsaya ta daɗe tana kallo.

"Delbert, me ya tsorata ta?"

"Ke ba ki san mota ba. Haka na tsere suke."

"To Mama tsere za ta yi?"

Dole ya kunna wutar yanka ƙarfe ya warware aikin kwana takwas. A bakin gareji ya yi yankan, a ƙarshen Yuli, ciyawa ta bushe ƙamas. Ina zaune a barandata sai na ji ƙauri. Kafin in miƙe, wuta ta ci ciyawarsa, ta lashe bargon da Lurleen ta shanya, wanda kakarta ta ɗinka da hannu, ta kama gindin shingenmu. Shi kuwa yana can da hular walda a fuska, yana waƙa. Ni na jawo tiyon ruwa na kashe, na kuma haɗa da shi na jiƙa shi sharkaf, ba kuwa kuskure na yi ba.

Ya ɗaga hula yana ɗiga ya ce, "Ai na gani. Ina jira ne in gama layin nan."

Lurleen ta ɗauki ragowar bargon ta shige. Kwana huɗu gwangwanin wake yake ci a gareji.

Karo na biyu ya yarda aka sa tef, amma ya ce shi zai ɗora shasin a kan abin da zai riƙe shi. Hagu ya sa ƙarfen tokara na gaske. Dama kuwa kututturen itace ne da tsofaffin littattafan lambobin waya guda biyu. Na ce ba su yi daidai ba, ya ce sun yi. Bayan wata waldar ta sati guda, mota ta sauko a karkace, kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, kamar mai laɓe yana sauraron hirar maƙwabta. Maganin da ya samo shi ne ya sace iskar tayoyin gefen da ya yi sama.

A daidai nan Royce ya biyo, wai ya kawo wa yayarsa tumatir. Ya zagaya mota sau biyu, hannuwa a aljihu.

"Sannu da aiki, injiniya. Wuyanta ne ya ƙage?"

"Ƙasa ce ba ta daidaita ba."

"Taya kuma ta yi faci don tausayi?"

"Kai dai kawo tumatir ka yi gaba. Sirrin aiki ba a nuna wa abokin gasa."

Royce ya daina dariya ya ce, "Yaya Delbert, wasa a gefe. Motar babana ce, uwata kuma za ta shiga. Bari in zo ranar Asabar in kama maka, ba wanda zai ji."

Na ga maganar ta taɓa shi, don ya yi shiru kusan daƙiƙa uku, abin da ban taɓa gani ba. Sai girman kai ya dawo.

"In ka taɓa ko noti ɗaya, gobe gari ya ɗauka kai ka yi. Na gode, sauka lafiya."

Karo na uku ni na riƙe tef, ni na riƙe ma'aunin magina, na kuma rantse in ya sake cewa idonsa wani abu ne zan tafi gida. Aiki ya zauna daidai, tayoyi a tsakiya, mota a miƙe. Sai dai garin murna ya saki sarƙar da ke riƙe da inji, inji ya sauko ya zauna a kan sandar sitiyari, ya lanƙwasa ta kamar ayaba. Saura kwana takwas biki.

Washegari Asabar ce, ranar da masu tsofaffin motoci ke baza kayan gyara a filin baje koli. Delbert ya tafi shi kaɗai, ya dawo da wata sandar a kafaɗa, yana tafe yana fito.

Na ce, "Ta wace mota ce?"

"Mai ita ma bai sani ba. Amma dubi, tsawo ɗaya, kauri ɗaya. Tagwaye ne."

Ya sha fama kafin ta shiga. Ya ƙara ƙarfe nan, ya huda can, ya yi mata kunnuwa da walda. Ni a satin nan ƙafata ta kumbura, likita ya ce in zauna, ban leƙa ba. Sai ranar Juma'a da hantsi, ana gobe biki, na ji inji ya tashi. Na ɗingisa na fito baranda.

Ga ta nan tana fitowa daga gareji, ja jawur, tana sheƙi, ta ɗan yi ƙasa kamar mai rusunawa. Ta taka dakalin bakin titi ko motsi ba ta yi ba. Wallahi sai da na ji daɗi a raina. Delbert ya leƙo ta taga yana ihu.

"Hoyt! Kira Royce ya zo ya ɗauki darasi!"

Ya murɗa sitiyari hagu zai hau titi. Mota ta yi dama. Ya ƙara murɗawa hagu da ƙarfi, ta ƙara yin dama da biyayya, ta haye ciyawata, ta kwantar da akwatin wasiƙuna, ta tsaya a cikin furannin marigayiya matata.

Muka dubi juna.

Ya ce, "Titin nan na da gangara."

Na ce, "Fito. Zauna nan ka kalli tayoyi."

Na shiga na juya sitiyari hagu. Tayoyi suka kalli dama. Na juya dama, suka kalli hagu. Tirƙashi! Nan na gane abin da ya sayo. Sandar sitiyari iri biyu ce: akwai wadda aka ƙera don ta zauna gaban ƙafafu, akwai ta baya. A ido ba ka raba su. In ka sa ta baya a gaba, komai zai yi aiki sumul, sai dai a juye.

Na ce, "Ɗauko waya ka kira Royce."

"Ko ya zo, sandar sai an aiko da ita, sai Litinin."

"To ka je ka gaya wa Mama Opal gaskiya."

Ya zauna a kan akwatin wasiƙuna da ya kashe, ya riƙe kai. "In na faɗa, gobe da safe motar nan ta bar gidana. Hoyt, ba ni da komai da mutane ke tsayawa su kalla sai ita."

Ya ba ni tausayi, ba zan ɓoye ba. Amma tausayin bai yi minti ɗaya ba sai na ga idonsa ya kawo haske, irin hasken da ke sa in duba ko tiyon ruwana na kusa.

"Tsaya ma! Mene ne matsalar? Mota ba ta lalace ba, direba ne bai saba ba. Titin fareti miƙaƙƙe ne, kwana ɗaya ce tak, a gaban kotu. Yini guda ya ishe ni in koya."

"Ka haukace."

"A Turai ma haka manyan direbobi ke horo."

"Wace Turai? Kai da ko Kansas ba ka taɓa zuwa ba?"

Ya kamata in ɗingisa in je gidan Mama Opal a take. Ban je ba, kuma har yau Lurleen ba ta gama yafe mini ba. Na ce wa kaina tafiyar fareti ba ta fi ta tsohuwa mai sanda sauri ba. Gaskiyar magana kuma, akwai wani shaiɗani a cikina da ke son ganin ƙarshen abin. Na kafa masa sharaɗi biyu: giya ta ɗaya kawai, kuma ni zan zauna a baya da weji a hannu, in abu ya ɓaci in jefa ƙarƙashin taya.

Muka shiga filin kiwon da ke bayan gidajenmu. Ya jera durom uku zai zagaya, ya buge huɗu, don har da na ruwan shanu. Shanun suka koma gefe suka jeru suna kallo. Ya ɗauko alƙalami mai kauri ya rubuta DAMA a bayan hannun hagu, HAGU a bayan hannun dama. Abin mamaki, kafin la'asar ya fara iyawa. Yana tafe yana karanta hannuwansa da ƙarfi, harshe a waje, gumi na zuba, amma yana zagaye durom. Ya sauko yana buga ƙirji.

"Ka gani? Mutum biyu ne a jihar nan za su iya wannan, ɗayan ma ya mutu."

Ranar biki rana ta fito da zafinta tun da safe. Gari ya cika, mutane sun jera kujeru a bakin titi, yara da jakunkunan tsintar alawa. 'Yan badujalar makaranta a gaba, mu a bayansu, motar kashe gobara a bayanmu. Ina zaune cikin kankana, buhun alawa a hannun dama don watsa wa jama'a, weji a hagu. Tagar baya a buɗe take, ina jin duk abin da ake faɗa a gaba.

Mama Opal ta gyara hula ta dubi hannuwan direbanta.

"Mene ne wannan ka rubuta a jikinka kamar ɗan fursuna?"

"Adon biki ne, Mama."

"Adon ma a juye. Ja mu je."

Muka tashi. To, titi ko miƙaƙƙe ne sai an riƙa ɗan gyara hannu, kuma duk gyaran da Delbert ya yi sai ya fara yin na kuskure kafin ya tuna. Mota ta riƙa lanƙwasa, ta nufi wannan gefe, ta dawo ta nufi wancan. Mutanen bakin titi suka ɗauka wasa ne. Suka hau tafi. Wata mata ta ce, "Ku dubi motar Clyde tana rawa!"

Mama Opal ta ce, "Ka sha wani abu ne?"

"Gwada miki laushin ƙafafun nake, Mama. Kin ji rami?"

"Ban ji ba. Ɗaga wa mutane hannu. Clyde bai taɓa wuce jama'a kamar gunki ba."

"Mama, hannu biyu tuƙin nan ke so."

"Ɗaga, na ce."

Ya ɗaga. Tafi ya ƙaru, kan Delbert ya ƙara girma. Da muka doso dandamalin da Fasto Dwight ke sanarwa a lasifika, sai na ji faston yana karanta wata takarda, ashe tun da safe Delbert ya kai masa.

"Jama'a, ga motar marigayi Clyde da sabbin ƙafafu na zamani, aikin hannun Delbert Tackett, shi kaɗai, ba da taimakon kowa ba, musamman ba da taimakon wani makaniki na garin gaba ba!"

Aka kwashe da dariya, aka juya ana neman Royce. Delbert ya fito da kai da kafaɗa ta taga yana sara wa jama'a, yana share gumi da bayan hannu, wannan ya share, wancan ya share. Na leƙa na ga rubutun ya narke, ya koma baƙin dabbare a hannu da goshi.

Sai ga kwanar kotu. Fareti zai yi hagu zuwa filin baje koli. A dama kuwa ciyawar gaban kotu ce, inda aka jera teburan gasar kankana, alƙalan gasar su uku da farar riga suna zagayawa. 'Yan badujala suka karya hagu. Delbert ya dubi hannuwansa, bai ga komai ba. A daidai lokacin direban motar kashe gobara ya ga dama ya faranta wa yara rai, ya saki jiniya da hon gaba ɗaya a ƙeyarmu.

Delbert ya zabura. Hannu ya yi abin da ya saba yi shekara arba'in, ya murɗa hagu. Mota ta yi dama.

Na yi ihu, "Ɗaya gefen! Ɗaya gefen!"

"Wane ɗayan?"

Ya ƙara murɗawa hagu har ƙarshe. Ta haye dakali, kuma in faɗi gaskiya, ko girgiza ba mu ji ba. Ya taka birki, birki ya shige ƙasa kamar soso, don gwanin bai fitar masa da iska ba bayan ya haɗa bututu. Ni kuma na tashi aikina, na jefa abin da ke hannuna ƙarƙashin taya. Buhun alawa ne. Weji yana nan a ɗaya hannun, na rungume shi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne rashin saurin abin. Da gudu ne, da an ce tsautsayi. Amma a hankali muke tafe, taku-taku, har mutane suka taso suna bin mu a ƙafa suna ba da shawara.

"Juya, Delbert!"

"Yana juyawa, ba ka gani?"

"To ya daina juyawa!"

"Opal, yi tsalle!"

Mama Opal ta ce, "Shekarata tamanin da shida, uban wa zai yi tsalle?"

Teburin farko ya kwanta, kankana suka gangara, tayoyi suka bi su ɗaya bayan ɗaya, fus, fus, fus. Alƙalai suka watse, ɗaya ya bar takalmi. Teburi na biyu ya bi sahu. A ƙarshen layi kuwa, a kan shimfiɗar ciyawa ita kaɗai, ga kankanar tsoho Virgil Pruitt, wadda sai da ƙarti huɗu suka sauke ta daga mota. Tun bazara yake mata laima da rana, yake lulluɓe ta in an yi sanyi. Virgil ya tsaya a gabanmu ya buɗe hannuwa, yana ja da baya daidai da tafiyar mota.

"Delbert, kar ka yi! Don girman Allah, Delbert! Ka bi ta kaina!"

"Matsa, Baba Virgil, ba ni ke tuƙa ta ba!"

Wani ya fizge tsohon gefe. Bamba ya dafa kankanar, ya tura, ta yi ƙara kamar an fasa ganga. Jan ruwa ya wanke gilashi, ya wanke Virgil, ya kai har kan matakalar kotu.

Sai Mama Opal ta miƙa hannu a natse, ta murɗe makulli, ta zare. Inji ya mutu, mota ta yi tsalle ɗaya ta tsaya cik. Cikinmu duka, da ni mai shekara talatin da ɗaya a kan sitiyari, ba wanda dabarar ta zo wa.

Ruwan kankana na ta ɗiga. Delbert ya fito, ya dubi jama'a ya gyara murya.

"Jiniyar nan ce. Duk wanda ya san mota ya san ƙara mai ƙarfi na rikita sitiyari."

Royce ya ratso taro. Ya wuce Delbert. Ya buɗe wa uwarsa ƙofa, ya duba ta sama da ƙasa, ya tabbata lafiya take. Sannan ya zagayo ya zura hannu ta taga ya kama sitiyari.

"Jama'a, ku taya ni duba tayoyi. Ga shi na juya hagu."

Gari guda ya amsa, "Dama!"

"Ga dama."

"Hagu!"

Ya sake, suka sake. Fasto Dwight ya manta lasifika a kunne take, dariyarsa ta karaɗe gari. Har 'yan badujala suka dawo daga kwana, mai babbar ganga yana buga wa kowace amsa. Lurleen ta iso, ta dubi mijinta, ta dubi ni da weji a ƙirji.

"Hoyt, ka sani?"

Na ce, "Ƙafata ce ke ciwo."

Mama Opal ta sauko da kanta, ba ta nemi hannun kowa ba. Ta cire ƙwallon kankana daga furen hularta, ta miƙe tsaye, ta taɓa bayanta. Delbert ya matso yana murza hula a hannu. Muryarsa ta yi ƙasa, ban taɓa jin ta haka ba.

"Mama, ki faɗi gaskiya tsakaninki da Allah. Kin ji girgiza?"

Ta dube shi.

"Ban ji ba. Tun da Clyde ya sayo motar nan ban taɓa zama cikinta na ji daɗi kamar yau ba. Ko dakalin can da muka hau, sai da na gani da ido na san mun hau."

Fuskarsa ta washe. Ya buɗe baki zai juya ga jama'a.

Ta ce, "Royce, zo." Ta kama hannun ɗanta, ta sa masa makulli a tafi, ta naɗe yatsunsa a kai. "Na ce bayana lafiya, mota lafiya. Bayana lafiya. Je ka kawo janwe."

Kafin a gama kwashe ɓawo janwe ta iso. Aka ɗaga gaban jar motar, ruwan kankana na zuba daga bamba. Delbert ya tsaya a gefena yana kallo har ta karya kwanar kotu, wannan karo ta yi hagu yadda ya kamata. Ina ganin hawaye ya gangaro ya ratsa baƙin tawadar da ke kumatunsa. Ya ja hanci, ya zungure ni da gwiwar hannu, idonsa na kan titin da ba kowa.

"Kai ne shaida, Hoyt. Ka dai ji da kunnenka. Ta ce ba ta ji girgiza ba."